Dokin Kyaftin Yana da Suna, Sojan Ba Shi da Shi

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. A gafarce ni da cin lokacinku, damuwa ce ta hana ni yin shiru.

Sunana Yusufu, ɗan Damagaram, ina sayar da turare a Abbasiya, nan Alƙahira. Makon jiya na ji masu sauraro suna yabon littattafan yaƙi na wani marubuci Bafaranshe, har wani ya kira su tsantsar tarihi. Faransancina daga 'yan ƙasidun koyi-da-kanka na tsince shi, amma na bi littattafan layi-layi da ƙamus. Dokin kyaftin yana da suna. Sojan da ya goyo kyaftin daga fagen fama kuwa, "wani baƙar fata" kawai aka ce, ya mutu, aka wuce.

Kakana ya je yaƙin nan da littattafan ke ba da labarinsa. Sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa, har ya rasu ba ya cire safa gaban mutane. Na faɗa wa maƙwabcina, babban mai yabon littattafan, ya ce, "Ma'alish, ba komai Alhaji, labari ne, sha shayinka." Ashe bango kaɗai ya karanta. Irin masanan da muke da su ke nan. Abin da ya tayar mini da hankali, 'yata ta karanta, ta tambaye ni ko dako kawai kakana ya je yi.

Roƙona biyu ne. Na ɗaya, a tambayi masu yabon su kawo sunan baƙin soja guda daga ciki. Na biyu, a amsa mini a rubuce, in nuna mata. Kakana sunansa Barmu Sani. Don Allah a karanta shi da ƙarfi.