Na Ɗauki Makara da Kafaɗar Ƙarfe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni tela ne a unguwar Nima. Gurbin da ƙashin hannuna ke juyawa a kafaɗa ya cinye, likita ya sa mini na ƙarfe, ya kafe shi da ƙusoshi. Ya ce kada in ɗauki kaya sai ƙashi ya kama ƙarfen. Har a littafina na rubuta.

Ranar Juma'a aka yi jana'izar maƙwabcinmu. Da aka ɗaga makara na ja baya. Sai wani Alhaji ya ɗaga murya: "Kai tela, kafaɗarka ta fi gawar Musulmi daraja ne?" Kunya ta kama ni, na sa kafaɗa. Shi kuwa sarkin wa'azin ko taɓa makarar bai yi ba, yana gefe yana ɗaukar hoto, kada babbar rigarsa ta yamutse.

Yanzu ƙusa ɗaya ta motsa, likita na maganar sake tiyata. Wataƙila ni ne wawan. Amma jiya Alhajin ya turo mini hotona ƙarƙashin makara, wai Allah ya ba da lada. Jama'a, me zan amsa masa?