Muryar Lurwanu

A tashar Tasawa, muna jiran motar Mayahi ta cika, wani dattijo ya kunna wa'azi a wayarsa. Muryar na cewa duk wanda ya saɓa masu, jininsa ya halatta. Wata malamar lakkol, wato makarantar boko, da ke gefensa ta juyo.

"Baba, don Allah kashe wannan. Irinsu rufe masu baki ya kamata a yi."

"Na gwada, ɗiyata."

"Ka san shi ne?"

"Lurwanu ne, ɗana na fari. Da ya fara wannan maganar a gida, gardama mukan yi kullum, har tuwo ya huce. Rannan na gaji, na ce in ya sake furta ta ban yafe ba. Ya yi shiru wata uku, sannan ya bi masu saurarensa daji."

"Allah Ya shirye shi. Amma sauraren nan ba zai dawo maka da shi ba."

"Shekara biyu ke nan da aka aiko mana ya rasu. Har sadakar arba'in mun yi."

"To, ashe tsohuwar murya ce."

"Shekaranjiya ta shigo. A ciki ya yi mani ta'aziyyar uwarsa, ita kuwa ko wata guda ba ta yi da rasuwa ba. Ya ce yana tafe ranar kasuwarmu mu ƙarasa gardamar."

"Yaushe ce kasuwar?"

"Yau."

"Baba, kuma gidan za ka?"

"Wannan karon zan bar shi ya kai ƙarshen maganarsa."

Da motar ta cika, malamar ta ce za ta jira ta gaba.