Matarsa Ta Ji Haushi da Turanci

A bencin shagon aski, wani mai gemu ya taɓo mai tabarau da ke gefensa.

"Malam, ka yi kama da 'yan boko. Mene ne annoyed?"

"Ɗan haushi ne, irin na kukan sauro a kunne. Bai kai fushi ba."

"Alhamdulillahi! Matata ce ta faɗa min da safe."

"Da ihu?"

"Ina! Har murmushi take, tana jera kayanta a akwati."

"To madalla, zauna abinka a gyara maka gemu. Ni ma ranar da tawa ta faɗa, ƙamus na fita nema."

"Ka samu ma'anar?"

"Tsaf. Matar ce dai ban samu ba da na dawo."