Ragowar Waƙar da Kaset Ya Yanke

A ɗakin jiran likitan haƙori, rediyo ta sako wata tsohuwar waƙar Turawa mai jita da ganga. Wani dattijo da ke dafe da kumatu ya zabura, ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, waƙata ce! Ina saurayi na ɗauke ta daga rediyo a kaset. Saurara, nan za ta tsaya. Ƙat!"

Waƙar ta ci gaba.

"Baba, ai ba ta ƙare ba. Yanzu ma mai jita ya fara."

"Da saura? Ashe kaset ɗina ne ya cika! Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yana gwanintar mawaƙin ce, ya san inda ake yin shiru!"

"Lamba tara!" in ji nas.

"Kai ne fa, Baba. Tun safe kake nishi. In ka bari, sai ƙarshen layi."

"Shiga, 'yata, na bar miki. Kai! Ji yadda jitar nan take kuka!"

"Haƙorin fa?"

"Shi da ya yi jiran kwana uku kacal? Shiga mana, kina sa wani wurin na waƙar yana wuce ni!"