Fim ɗin yaƙin da ya buɗe bakin Baba

Barka da yamma mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ce Rahila daga Kachia. Na ji kuna hirar finafinan yaƙi, na ce bari in sa baki.

Babana tsohon soja ne, amma bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Ran Lahadi da muka dawo daga coci na sa wani fim na sojoji biyu abokai, Baba yana gefe yana shan kunu. Da farko tsaki yake ta yi: "Wa ke riƙe bindiga haka? Ƙarya ce!" Muna ta dariya.

Da aka zo inda ɗaya ya goya abokinsa da aka harba, sai Baba ya ce, "Rahila, tsayar min." Ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabon gwiwarsa, wanda muke zaton na haɗarin babur ne. "Haka Garba ya goya ni har bakin kogi. Mutumin Jere ne, in yana salla ni nake gadinsa. Tun da aka sallame mu ban sake ganinsa ba."

Shawarata, ku nemi irin wannan fim, ba na harbe-harbe kawai ba, ku kalla tare da tsofaffinku. Mutanen Jere kuma, duk wanda ya san gidan wani Garba dogo mai giɓi, tsohon soja, don Allah ya turo saƙo gidan rediyon nan. Baba ya ce ko 'ya'yansa ne, yana so ya gode musu.