Baba Tafinta, Bakinmu a Ɗakin Likita

Shugaban asibiti, manyan likitoci, malaman jinya, Inna uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni tela ne, ban saba tsayuwa gaban taro ba. Ku yi haƙuri da ni. Tun da aka ce Baba Tafinta ya rasu gabana bai daina faɗuwa ba.

Ya kasance bakinmu da kunnenmu a gaban likitan ido, wanda ba ya jin Hausa. Ya kasance mai gaya mana gaskiya komai ɗacinta.

Bara na kawo 'yata, ganinta ya dushe. Likita ya haska idonta, ya ce, “I see.” A ɗan Turancin da na tsinta a shago, “see” gani ne. Na miƙe zumbur na ce, “Alhamdu lillahi, za ta gani!”

Baba ya riƙe hannuna ya zaunar da ni. Ya ce, “Ɗana, ba haka ba ne. Cewa ya yi ya gane ciwon.”

Na ce, “To tambaye shi, za ta warke?”

Likita ya ce, “We'll see.” Ga kalmar ta sake fitowa. Na zuba wa Baba ido.

Ya ce, “Wannan kuma nufinsa shi ma bai sani ba, sai an yi aiki.”

Yarinyar tana laluben rigata tana cewa, “Abba, me suka ce?” Baba ne ya durƙusa ya ce mata, “Jikata, za a gwada. Ni kuma ina nan kusa da ke.”

Ranar aiki bai gusa daga bakin ƙofa ba har aka fito da ita. Ido ɗaya ya buɗe.

Wata mai zuwa za a yi na biyun. Jama'a, wallahi tsoro muke ji. Mu da ba mu yi boko ba, wa zai hana mu yin murna a inda ya kamata mu yi addu'a? Ranka ya daɗe shugaba, a dubi Allah a samo mana wani tafintan.

Inna, ba ke kaɗai aka bari ba. Ku 'ya'yansa, ƙofofinmu a buɗe suke gare ku.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, mu kuma Ya kwantar mana da hankali. Amin.