Ranar da na ce wa farfesa a'a

Ƴan'uwa, sallama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Rahila, mai zama a bencin baya. Yawancinku ba ku taɓa jin muryata ba.

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Talata, a Lyon, lamarina ya fara lalacewa. Ina zaune gaban wata farfesa mai furfura, wadda ta daɗe tana koyar da dokar ƙwadago. Ita ke zaɓen waɗanda za su shiga mastar, wato digiri na biyu, kuma na je ganawar neman gurbi ne. Ni kuwa takardar izinin zamana a ƙasar nan tana gab da ƙarewa, kuma ba za a sabunta ta ba sai da shaidar rajista a jami'a.

Ta dube ni ta ce, "Mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaciya saboda ta yi ciki, muddin ya sanar da ita da wuri. Ko ba haka ba?"

Na san ba haka ba ne. A kan wannan batu na yi aikina na ƙarshen lisans, wato digirin farko. Amma a gidanmu a Maradi, yarinya ba ta gyara wa babba magana, ba ta kallonsa a ido. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Madam."

Sai aka sa ni cikin jerin masu jira.

Na koma Saint-Denis, inda nake zaune, na rufe kaina a ɗaki. Na daina zuwa sujada. Ina kiran halina ladabi, alhali tsoro ne.

Mama Tabita, shugabar zumuntar mata, ta hau bene hawa shida ta same ni. Da ta gama ji ta ce, "Ɗiyata, lauyar da ba ta iya ce wa babba a'a, wa za ta tsaya wa? Ni da nake sharar ofis, in an kore ni, sunkuyo za ki je ki yi musu?"

Muka durƙusa. Ban roƙi gurbi ba. Na ce, Ubangiji, ka bar mini ladabina, ka ɗauke tsoron. Muna tashi Mama ta ce, "Kalle ni a ido ki ce miyata ba gishiri." Sai a karo na huɗu na iya faɗa, tana ta dariya.

Na rubuta shafi uku a kan batun sallamar mai ciki, kowace hujja da madogararta, na shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon. Na jira a bakin ofishinta har ta fito daga aji. Na ɗaga ido na dube ta.

"Madam, abin da kuka faɗa ranar nan ba daidai ba ne. Na sani tun a lokacin, amma na ce muku haka ne."

Ta karanta shafukan a tsaye. Ta ce ita ma ɗiyar ma'aikacin masaƙa ce, kuma ta yi shekara guda cur a jami'a kafin ta iya buɗe baki a aji.

Na gode wa Allah da ya buɗe nawa. Wanda tsoro ya ɗaure a cikinku, kada ya rufe ƙofa kamar ni. Ya nemi wanda zai durƙusa da shi, ya dogara ga Yesu, sannan ya tashi ya tafi.

Ga abin da farfesar ta ce da ta ninke takardar:

"Da gangan na faɗa, don in ga mai iya tare ni. Wani ya janye jiya, kuma ke ce ta gaba. Litinin, ƙarfe tara. Ki zauna a bencin farko, inda zan ji ki."